Littafin da Ya Dawo da Ƙamshin Kanumfari

Tun ranar da Gumsu ta ɗaga tabarmar ɗakin 'yarta za ta share ƙarƙashi, ta ci karo da littafin nan mai shuɗin bango, abinci ya daina yi mata daɗi. Kwana da kwanaki tana yawo da abin a ƙirji kamar wadda ta haɗiyi taɓarya.

Ba littafin ne ya tayar mata da hankali ba. Littattafai kam sun daɗe da shigowa gidan mijinta, Malam Muhammadu Lawan na unguwar Yerimaram, tun shekarar da hukumar En'e ta buɗe ajin yaƙi da jahilci na mata a Potiskum, 'yarta Hansatu ta shiga, ta fito da satifiket ɗinta. Abin da ya tsaya wa Gumsu a rai shi ne ƙamshin da ya bugi hancinta da ta ɗauki littafin.

Ita Gumsu sana'arta haɗa turaren wuta, a wajen kakarta ta Barno ta gada. In mace ta gifta ta a hanya, ko ba ta ɗaga kai ba za ta faɗa maka gidan da ta fito, domin kowane gida da irin haɗin da take yi masa. To, wannan ƙamshin na kanumfari ne da ƙaron ararraɓi da ɓawon lemon tsami. Duk faɗin garin mutum ɗaya tak take yi wa shi: Malam Tanko, malamin ajin maza, baƙo daga ƙasar Zazzau, tuzuru, mai ɗaki a bayan tashar mota. Shi ya aiko cewa yana son hayaƙin da zai kori ƙwarin da ke cin takardunsa.

Me ya kai littafin budurwa ɗakin tuzuru? Budurwar ma da aka riga aka karɓi gaisuwarta. Kowa ya san Hansatu ta Sajo ce, ɗan gidan Bubayaro falken shanu, ana jiran a cire amfanin gona a sa rana. Ita ta gan shi ta ce tana so, ba wanda ya tilasta ta. Sajo kuwa ko baƙi ɗaya na boko bai sani ba. Ubansa ya sha faɗi a bainar jama'a cewa muddin yana numfashi ɗansa ba zai taɓa rubutun Nasara ba.

"Gumsu, tuwon nan laifin me ya yi miki?" in ji Malam mijinta, ya shigo ɗaukar buta ya same ta ta tasa kwano gaba. "Jira kike ya yi magana?"

"Zafi gare shi, Malam."

"Tuwon da ƙuda ya gama sallama a kansa?"

Ta yi murmushin dole, ta kai loma baki. Ya girgiza kai ya fice.

Da wata uwar ce, da sai ta ja 'yarta ɗaki ta tambaye ta, magana ta ƙare. Amma Hansatu 'yar fari ce. Tun da aka haife ta Gumsu ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba, ko kuka take yi sai ta kau da kai har wani ya zo ya rarrashe ta. Ana yaye ta Ya Kaka, yayar Malam, ta goya ta ta tafi da ita, sai da ta zama budurwa ta dawo gidan ubanta. Tsakanin uwa da 'ya babu abin da ya wuce "ke, ɗebo ruwa" da "to, Iya." Kunyar ɗan fari ke nan, haka Gumsu ta taso ta tarar, haka uwarta ta yi da yayanta. Ta ina za ta buɗe baki ta ce, ke yarinya, ɗakin wa littafinki yake kwana?

Sai ta koma bin sawu da hanci. Ta lura littafin yakan zo gida yana warin daddawa, domin a cikin wata tsohuwar kwallar daddawa Ya Kaka take adana littattafan mata. Sai ya ɓace daga ƙarƙashin tabarma. In ya sake bayyana, kanumfari ya danne daddawa. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

Ranar Alhamis bayan la'asar ta yafa gyale ta ɗauki ƙullin turare, wai za ta kai wa Ya Kaka. Ta san sarai ranar ce matan da suka yi aji suke taruwa a gindin darbejiyar gidan, kowacce ta faɗi abin da take karantawa, a yi musu, a yi musayar littattafai. Da ta shiga ta hangi 'yarta a cikinsu, sai ta zarce ƙofar madafa ta zauna a kan turmi, ta ba su gefe.

"Lale da mai ƙamshi," in ji Ya Kaka. "Yau kuma karatu kika zo?"

"Wane ni, Ya Kaka. Ni da na tsaya a allo. Hutawa zan yi in tafi."

Ya Kaka ba ta san ko harafi ba, amma ita ce alƙaliyar zaman. Ba a rufe maganar littafi sai ta yanke hukunci.

Fanne ce ke magana, matar malamin asibiti, wadda ta yi makarantar 'yan mata a Maiduguri. Littafin renon jarirai take karantawa, wanda wata Baturiya ta rubuta aka mayar da shi Hausa.

"Ta ce wankan jego da tafasasshen ruwa yana gajiyar da zuciya. Ni dai na ga hankali a maganar."

"Baturiyar ta taɓa haihuwa?" in ji Yagana, wata gajeruwar mata mai gida kusa da tasha, wadda bakinta ba ya hutu.

"Littafin bai faɗa ba."

"To, ta je ta haihu, ta ji yadda ƙugu yake yi, sannan ta zo mu yi magana. Ni wanda ke hannuna na ɓarawon nan ne mai shiga rigar mata. Daɗi kamar me, amma marubucin rowa gare shi. Ina tsaka da jin daɗi sai na ga ɓarawo ya tuba. Wa ya aike shi?"

"So kike ya mutu yana sata?" in ji Ya Kaka.

"Ya ƙara ko gida biyu mana, Ya Kaka, tuba ai ba ta guduwa."

Aka yi dariya. Fanne ta miƙa hannu ta ɗauki mai shuɗin bango daga cinyar Hansatu. Gumsu ta kasa kunne.

"Ni duk a cikinsu wannan ne lamba wan. Babaji maraya, ba shi da komai sai saniya ɗaya da ɗan maraƙinta. Ya yi sadaka da maraƙin, ya kama hanyar gabas neman yarinyar da yake so, ba guzuri sai nonon saniyar nan. Wallahi da na kai inda ya hango garinsu sai da na yi hawaye. Hansatu, ke da kika riƙe shi kamar gadonki, me kika gani?"

"Da ni ma haka na ce," in ji Hansatu a hankali. "Amma akwai mistek a ciki, tun fejin farko-farko."

"Mistek? A littafin da aka buga a Zariya?"

"Saniyar da aka raba da ɗanta ba ta sakin nono, Fanne. Sai maraƙi ya fara tsotsa, ta lashe shi, sannan nono ya sauko. Ko mutuwa ya yi, sai an feɗe fatarsa an cusa ciyawa, an ajiye mata tana lasa ana tatsa. To, Babaji ya ba da maraƙin tun a ƙofar gari. Me ya sha a hanya? Yunwa ce za ta kashe shi bai kai Damaturu ba."

"Kai, kin ɓata mini littafi," in ji Fanne. "Ke da ko akuya ba ku da ita a gida, ina kika samo wannan?"

"Wani ne ya nuna mini."

"Wane ne wanin?" in ji Yagana, ta gyara zama.

Hansatu ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin zanenta. Murmushin da ya kufce mata kuwa, Gumsu ta gan shi ta wutsiyar ido. Ba murmushin da ake yi wa littafi ba ne. Wani! Ashe har zama suke yi suna tattauna feji-feji. Wa ke tattauna littafi in ba mai karatu ba?

"Hukunci," in ji Ya Kaka. "Littafin yana da daɗi, mai shi bai san saniya ba. A ci gaba da karantawa, amma kada a ba shi kiwo."

Da aka watse, hanya ta haɗa Gumsu da Yagana. Da suka yi nisa sai Gumsu ta yi gyaran murya.

"Yagana, malamin nan na bayan gidanku, mai sayen turarena. Mutumin kirki ne kuwa?"

"Malam Tanko? Daga aji sai masallaci. Me ya faru?"

"Babu. Na ce ko mata suna shiga wajensa. 'Yan mata haka, masu karatu."

Yagana ta tsaya cak, ta dube ta sama da ƙasa. "Ya Gumsu, me kika gani?"

"Ban ga komai ba. Tambaya ce kawai. Ki bar ta a nan."

"Haba, ni da ke? Ta mutu a nan."

Maganar da ta fita daga baki hayaƙin kasko ce, ba a kamo ta a mayar. Kafin sati ya zagayo ta tsallaka katanga, ta je bakin rijiya, ta shiga kasuwar hatsi, ta ɓulla kara inda ake cinikin shanu. A hanya kuma ta yi ƙiba: tambaya ta zama gani da ido.

Wata safiya Gumsu na daka saiwar jema ta haɗin turare sai ta ji sallama. Goggo Asta ce, ƙanwar Bubayaro, doguwa, siririya. Aka shimfiɗa mata tabarma ta zauna a gefe-gefe, aka kawo ruwa ba ta taɓa ba.

"Ni ba doguwar magana na zo yi ba," in ji ta. "Yayana ya ce a dakata da sa rana. Sajo yana Gadaka ya je koro shanu. Kafin ya dawo, yayana zai zo ya ga Malam a kan kayan da muka kawo."

"Subhanallahi. Goggo, me muka yi?"

"Mu ba mu ga komai ba. Amma an ce yarinya tana zuwa ɗakin malamin boko."

"Ƙarya ake yi mata. Wane maƙiyin ne ya faɗi haka?"

Goggo Asta ta dube ta ido cikin ido. "Da maƙiyi ne da ba mu saurara ba. Cewa aka yi uwar yarinya da kanta take bin unguwa tana tambaya. In uwa ta yi shakka, mu su wa?"

Ta miƙe ta sa takalmi. Gumsu na tsaye da taɓarya a hannu, ta kasa ko rakiya.

Da Malam ya dawo daga kasuwa ba ta da sauran wurin ɓuya. Ta durƙusa ta faɗa masa komai, daga tabarma har zuwa Yagana. Ya saurara har ta gama. Ya tsaya a tsakar gida ya kira Hansatu.

"Littafin nan mai shuɗin bango, a ɗakin wa yake kwana?"

"Baba, wallahi ban taɓa taka ƙofar Malam Tanko ba. Ko gaisuwa ba ta taɓa haɗa mu ba."

"Ban tambaye ki ƙafarki ba. Littafin ba ƙafa gare shi ba. Wa yake kai shi?"

Ta duƙar da kai, hawaye na zuba a kan hannuwanta.

"Da ke nake."

"Na yi alkawari, Baba."

"Alkawarin ya fi ubanki? Ya fi aurenki? Kin san abin da ake faɗi a gari?"

"Na sani, Baba. Ka yi haƙuri. In na faɗa, wani zai shiga uku. Ka ba ni lokaci kaɗan."

"To, shi ke nan. Ki tattaro mini duk wata takarda da ke gidan nan ki kai zaure. Ranar da Bubayaro ya zo karɓar kayansa, a gabansa zan cinna musu wuta. Ni na ce a bar ki ki yi aji, ni zan ɗauki kunyar."

Ya fita. Hansatu ta tashi ta shiga ɗaki ta fito da littattafan a rungume. Da ta zo daidai inda uwarta take, sai ta tsaya. Abin da ba ta taɓa yi ba, ta ɗago ta dube ta.

"Iya, da ni kika tambaya ba Yagana ba. Ko ban faɗa miki komai ba, ai da kin ga idona."

Gumsu ta kau da kai, yadda ta saba kau da kai tun yarinyar na zanen goyo. Amma wannan karon ƙirjinta kamar ya tsage.

Kashegari ga Ya Kaka da sandarta. Ba ta tsaya dogon gaisuwa ba, ta ja Gumsu ɗaki ta saki labule.

"Faɗa mini, me kika gani?"

"Ban gani ba, Ya Kaka, ji na yi. Hancina ba ya yi mini ƙarya. Haɗin nan hannuna ne ya yi shi. Littafin ya shiga ɗakin Malam Tanko."

"Na yarda ya shiga. Hancinki ya ce miki ita ta kai shi?"

"To, wa zai kai? Kuma kina zaune ta ce wani ya nuna mata kuskure a ciki."

"Ina zaune, kuma da kunnena. Ke kina kallon murmushi, ni ina jin magana. Me wanin ya ce?"

"Wai saniya ba ta ba da nono in ba ɗanta."

"Har da cusa ciyawa a fatar maraƙi. Yanzu don Allah, Gumsu, Malam Tanko ɗan cikin birni, wanda a ƙwarya ya san nono, shi zai san wannan? Wannan ai maganar wanda aka haifa a gindin saniya ce. Mutum nawa Hansatu ta sani masu warin garke?"

Gumsu ta ce, "Sajo? Ai bai iya karatu ba. Ubansa ma..."

"Ubansa. To, kin ga abin da ya ɗaure mata baki ke nan."

"Bari in je in faɗa wa Malam."

"Zauna. Baki ya yi ɓarna sau ɗaya, ya isa. Yarinya ta jure wuta ba ta tona shi ba, ke ce za ki tona? Asirinsa ne. In namiji ne, zai zo ya faɗa da bakinsa. In bai zo ba, gara a mayar musu da kayansu." Ta dogara sanda za ta tashi, sai ta ƙara da cewa, "Saniya ma sai ta lashi ɗanta. Ke kin haifa kin kau da kai, kin koma sansanar takarda."

Haka Gumsu ta zauna da magana a ciki. Tana ganin 'yarta na ramewa, tana ganin Malam ya daina zama a dandali. Sau da yawa takan kai ƙofar ɗakin Hansatu, sai ƙafa ta ƙi shiga.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Bubayaro ya iso, dogon tsoho da malfa da sanda a kafaɗa. Malam ya shigar da shi zaure, littattafan na tare a tsakiya. Gumsu da Ya Kaka suka raɓe a bayan ƙyauren da ke shiga cikin gida. Hansatu na ɗaki.

Ba a gama gaisawa ba sai aka yi sallama da ƙarfi. Sajo ne, ƙafafunsa buɗu-buɗu, ko gida bai biya ba daga hanyar Gadaka. A kara ya ji labari. Ya cire takalmi ya durƙusa a bakin ƙofa.

"Allah gafarta Malam, Baba, ku yafe mini shigowa ba a kira ni ba. Littafin nan ni nake kai shi ɗakin Malam Tanko. In na zo zance take ba ni. Bayan sallar asuba nake zuwa ya koya mini, kafin in wuce kara. Ni na sa ta rantse kada ta faɗa."

Bubayaro ya juyo ya dubi ɗansa.

"Kai," in ji Bubayaro, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ban hana ka rubutun Nasara ba?"

"Ka hana ni, Baba. Na saɓa."

"Don me?"

"In tana ba ni labarin abin da ta karanta, fuskarta haske take yi, ni kuwa ina zaune kamar turke. Na ji tsoron in aure ta ta rasa abokin magana a gidana. Duk hukuncin da ka yanke na ɗauka. Amma ita ba ta yi komai ba, Malam Tanko ma haka."

Malam Muhammadu Lawan ya yi gyaran murya. "Yaro, mai so yana iya faɗin komai don ya ceci yarinya. Ga littafin nan. Karanta mu ji."

Gumsu ta leƙa ta tsagar ƙyaure. Ta ga ƙaton saurayin nan da ke kayar da bijimi da hannu ɗaya ya ɗauki littafi. Ya ɗora yatsa a kan layi, gumi na tsattsafo masa.

"Sai... Ba-ba-ji... ya ba da ma-ra-ƙin sa-da-ka. Ya ka-ma han-ya. Kul-lum da sa-fe... ya-na ta-tsar sa-ni-yar-sa... ya sha ya ƙo-shi."

"Tsaya," in ji Bubayaro. "Ya ba da maraƙin?"

"Ya ba da shi, Baba."

"Ya tafi da uwar ita kaɗai?"

"Ita kaɗai."

"Kuma yana tatsa yana ƙoshi?"

"Haka aka rubuta."

"Ko fatar bai tafi da ita ba?"

"Maraƙin da ransa ya bayar, Baba."

Tsohon ya sauke sandarsa ƙasa. "Wane ne ya rubuta wannan?"

"Wani malami ne, a can yamma."

"Malami. Wannan ko kaza bai taɓa kiwo ba. Kuma mutane suna karantawa suna yarda?" Ya gyara zama, ya matso. "Karanta gaba, in ji ƙaryar da ya ƙara."

Sajo ya ci gaba, yana tuntuɓe yana tashi. Da Babaji ya kwana a daji ya bar saniya ba dabaibayi, Bubayaro ya ce, "Kura ta gode." Da ya isa bakin kogi ya rasa yadda zai ƙetare, tsohon ya ce, "Ka kama wutsiyarta mana, sakarai." Da aka zo inda yarinyar ta ƙi manema tana jiransa, sai ya gyaɗa kai ya ce, "To, nan kam ya faɗi gaskiya. Akwai irinsu." Malam ya kasa riƙe dariya. A bayan ƙyaure Ya Kaka ta toshe baki da gyale, Gumsu kuwa hawaye ne ke bin kumatunta.

Sai da la'asar ta kawo jiki Bubayaro ya ɗaga hannu.

"Malam, kayan nan su zauna inda suke. Yarinyar da aka tsare da wuta, aka ɓata mata suna, ba ta tona asirin ɗana ba, ita nake so ta riƙe mini gida. A sa rana." Ya juya wajen Sajo. "Kai kuma, ni da kai akwai magana, ba ta ƙare ba. Ɗauko littafin. Sai na ji ko wawan nan ya isa garin."

Washegari Malam ya taka har bayan tasha ya ba Malam Tanko haƙuri. Yagana kuwa ta bi gida-gida tana cewa ita dama tun farko ba ta yarda ba.

Bayan an cire amfanin gona aka ɗaura aure. Haƙurin Hansatu ya biya ta: ta samu mijin da ta zaɓa, ta samu abokin musu a kan littafi, ta kuma samu suruki mai aikowa a tambaya ko an kawo sabo daga Zariya, wai yana so ya ji inda suka yi kuskure.

Abin lura a nan, 'yan'uwa, hancin Gumsu bai yi ƙarya ba. Abin da ya ji gaskiya ne, zuciya ce ta ɗora nata a kai. Haka zato yake, da ƙwayar gaskiya yake fara gini, ya ƙarasa da ƙasar ƙarya. Kuma duk abin da ya dame ka game da naka, shi za ka fara tambaya kafin maƙwabci. Kunya ado ce, amma kunyar da ta hana uwa tambayar 'yarta, ta kai ta tambayar bakin rijiya, ta kusa rushe aure.

Sai dai har yanzu Gumsu ba ta samu sukuni ba. Kowa ya ba kowa haƙuri, ita kaɗai ce ba ta ce wa 'yarta komai ba. Ranar da aka kai amarya ma ɗaki ta shige, kamar yadda uwar 'yar fari take yi. Ta haɗa mata turaren da ba ta taɓa haɗa wa kowa irinsa ba, ta aika. Amma ta san turare ba magana ba ne.

Shekaranjiya Ya Kaka ta zo mata da ƙulli a gefen gyale. Ta kwance, sai ga mai shuɗin bango, ya tsufa, gefensa ya nannaɗe. Gumsu ta kai shi hanci tun kafin ta tuna. Babu kanumfari. Hayaƙin garke ne, da man shanu, da ƙamshin turaren nan nata.

"Zaman Alhamis ya koma gidan Hansatu," in ji Ya Kaka. "Ta ce in gaya miki ki zo. Ba kan turmi ba, kan tabarma, kusa da ita. Ta ce tana so ta karanta miki da bakinta, ki faɗi naki ra'ayin kamar kowa."

"A gaban mutane, Ya Kaka? Me za a ce da ni?"

"Abin da aka ce da ita ya fi wannan, ta kuwa ɗauka."

Ga Alhamis ta matso. Gumsu ta wanke gyalenta ta ninke, ta sake warwarewa. In ba kowa a gida, takan gwada sunan a hankali, sunan da ta yi shekaru tana ji a bakin mutane ba ta taɓa ɗora shi a harshenta ba. Yakan zo har leɓe ya tsaya. In ta je ta zauna kusa da ita ta kira ta, ta karya abin da uwarta da kakarta suka riƙe. In ta ƙi zuwa, ta sake kau da kai, kuma ba ta san ko za a ƙara aiko mata ba.

To, ku da kuka iya karatu, kuka ga duniya a cikin takarda fiye da ita, ku ba ta shawara. Ta yafa gyalen ta je ta ce "Hansatu," ko ta ƙara ƙulla turare ta aika?